Kariyar Allah da Tukunyar Bazara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa (SAW).

Duk wanda ya zauna Sakkwato ya san bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan randa kaɗai ke kashe ƙishirwa, miyar da aka dafa da hantsi kuwa kafin la'asar ta fara tsami. A wannan lokaci gidajenmu na Ƙofar Kware kan koma ga fura da nono, kunun tsamiya, zoɓo da dambun zogale.

A bazarar bara na dafa shinkafa da wake da rana, na rufe ragowar na tafi Islamiyya. Wuta ta ɗauke tun safe, firij ya zama akwati kawai. Da na dawo bayan magariba a gajiye, sai na zuba wa ɗana ɗan shekara huɗu ba tare da na ɗumama ba. Kafin ya kwanta na karanta masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kamar kullum. Tsakar dare ya farka da amai da gudawa. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Da asuba muka nufi asibiti, inda ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa.

A bakin gadonsa na ce wa mahaifiyata, "Inna, wallahi na yi masa addu'a." Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, addu'arki ce ta tashe ki da dare. Amma Allahn da kika roƙa ai Shi ya ba ki murhu."

Maganar ta zauna mini a zuciya. Shekaru ina karantar da ɗalibai babin tawakkali, ina kawo musu hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Ashe ban taɓa shiga da darasin madafa ba.

Sunan unguwarmu ma wa'azi ne. Muhammadu Bello da jama'ar Shehu Usmanu sun fi mu sanin Allah da dogaro gare Shi, amma da suka kafa Sakkwato a 1809 sai da suka kewaye ta da ganuwa, suka yi mata ƙofofi, ciki har da wannan da ke fuskantar hanyar Kware. Haka a Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu (AS) ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, tare da shaida musu cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah. Ya riƙi sababi da hannunsa, zuciyarsa kuma tana ga Mai sababin.

Iyayenmu mata sun fahimci wannan tun kafin zuwan firij. Suna dafa gwargwadon abin da za a cinye, ɗumame kuma sai ya yi zafi har cikinsa. Ranar da ke lalata miya, ita suke shanya wa kuɓewa, kuka da tumatir, su ajiye har damina. Wannan ilimi shi ma rahama ce daga Al-Hafizu.

Yanzu idan na rufe tukunya da Bismillah, nakan tuna awa nawa za ta yi a ajiye. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, ba da wayona ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya kai mu damina lafiya. Wallahu a'alamu.