Gayya da Akwatin Talabijin

Akwai gardamar da na daɗe ina sha da abokaina masu ra'ayin gurguzu. Su dai cewa suke yi ɗan Adam asalinsa mai son taimakon ɗan'uwansa ne, jari-hujja ce ta lalata shi. Masu ja da su kuma suna cewa son kai a jini yake, shi ya sa gurguzu ya rushe. Ni kuwa duk lokacin da aka taso da zancen, sai hankalina ya koma kan gidan talabijin na ƙasar Rumaniya.

A zamanin Ceausescu, wanda ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1989, gwamnati ta ƙudura biyan bashin da ƙasashen waje ke bin ta gaba ɗaya. Aka ce jama'a su ɗaure, don amfanin kowa ne. Aka ƙayyade burodi da sukari da man girki, ana ɗauke wuta cikin tsananin sanyi. A 1985 aka rage shirye-shiryen talabijin suka koma awa 2 kacal a ranakun aiki, galibinsu kuwa yabon shugaba ne. Mutane suka dinga kafa eriya suna kamo tashoshin Bulgeriya da Yugoslabiya, alhali ba harshensu ba ne.

To, mai karatu, dubi gayya irin tamu. Na taso na ga samari sun fita gonar wani dattijo da garemaninsu, ba wanda ya biya su sai fura da kiɗan gangar noma. Wannan ya ishe ni shaida cewa mutum na iya wahala saboda wani. Amma fa ɗan gayya yana ganin gonar da idonsa, ya san mai ita, ya san wanda ya maƙale a inuwa, kuma ya san baɗi idan tasa ta taso za a zo masa. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 23 ba ta ganuwa haka. Idon da za a gan ta da shi su ne rediyo da jarida da talabijin. Idan mai karɓar amfanin gonar shi ne kuma ke riƙe da idon, yaya mai noma zai san inda guminsa ya tafi? Saboda haka a ganina Rumaniya ba ta raba wannan gardama ba, domin ba a taɓa gwada kirkin mutanenta a fili ba, haƙurinsu kawai aka gwada.

Kada kuma 'yan jari-hujja su yi saurin tafi. Mu nan ba gurguzu muke yi ba, amma a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin talabijin na jihohi, har da ta Ibadan da aka buɗe tun 1959, ƙarƙashin hukuma guda ta tarayya. Sai a 1992 doka ta yarda ɗan kasuwa ya buɗe tasha.

Ran 21 ga Disamba 1989 Ceausescu ya tara jama'a a Bukares, ana nuna jawabinsa kai tsaye. Taron ya ɓarke da ihu, aka ga fuskarsa ta sauya kafin a katse hoton. Washegari ya tsere cikin jirgi mai saukar ungulu, masu zanga-zanga kuwa suka nufi gidan talabijin ɗin, daga can ne aka sanar wa ƙasa cewa mulkinsa ya faɗi.