Gaz Ba Ya Son Gyara

Mu da gyara muka tashi. In aka aiki yaro awon hatsi, ya san sai an cika tiya har tana zuba, sannan a ƙara masa da tafin hannu. Mai nonon da ta rage ludayi ɗaya za ta ji magana, mahaucin da bai ɗora ɗan kitse a kan nama ba gobe ba zai ga mai saye ba. Wannan tarbiyya ba ta da laifi. Sai dai akwai haja guda da ta shigo gidajenmu wadda ba ta bin wannan ƙa'ida, ita ce iskar gaz ta girki. A tukunyar gaz, wurin nan da aka bari babu komai shi ne yake tsare gida, wanda kuma ya cika maka ita maƙil ya cuce ka, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Tun da matatar Soraz ta fara aiki a ƙarshen 2011, a kan hanyar Tanut daga Damagaram, gaz ya bar gidajen manyan ma'aikata ya shiga gidan kowa a birane. Abin murna ne, domin mun san abin da neman itace ya yi wa dajinmu, mun kuma san abin da hayaƙi ya yi wa idanun iyayenmu mata. Amma sai mu tambayi kanmu: wa yake taɓa tukunyar nan kullum? Ni malamin aji shida ne na firamare, shekarata ashirin da alli a hannu. Bana na tambayi ajina wa ya taɓa kwance kan murhu daga ƙaramar tukunya ya ɗaura a wata. Fiye da rabin ajin suka ɗaga hannu, yawancinsu ƴan mata. Na sake tambaya wa ya san abin da ke cikin tukunyar. Duk suka ce iska. Wannan amsar ce ta sa ni wannan rubutu.

Lokacin da muke makarantar horon malamai, an koya mana yadda ake karantar da sifofin abu uku, wato daskararre da ruwa da tururi, kuma da ƙanƙara da butar shayi muke misali. A lokacin gaz bai zo mana ba. Yau misalin da ya fi kowane kyau yana zaune a madafar kowane yaro, kuma shi ne misalin da rashin saninsa yake kashe mutum.

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne. Ku sami birike irin na roba wanda ake ganin cikinsa, ku ɗaga shi a gaban yara, za su ga ruwa yana motsi a ƙasa da ɗan fili a samansa. Tukunyar gaz haka take. Butan da furofan, waɗanda su ne gaz ɗin girki, a fili tururi ne, amma in aka matse su a rufaffen ƙarfe sai su koma ruwa. Lita ɗaya ta wannan ruwa in ta fito tana zama tururi kimanin lita 250. Shi ya sa ƴar tukunya mai kilo 6 take yi wa gida girkin makonni, shi ya sa kuma ɗan abin da ya zuba yake cika ɗaki.

Gwaji na biyu da sirinji nake yin sa, sabo, marar allura. In jawo iska a ciki, in toshe bakin da yatsa, in ce wa yaro ya danna. Yana dannuwa. In jawo ruwa in sake toshewa, in kira mafi ƙarfi a ajin. Ko gezau. Tururi yana karɓar matsi, ruwa ba ya karɓa. To ga inda zafi yake shigowa: ruwan gaz yana kumbura da zafi kusan ninki goma na yadda ruwan sha yake yi. Lita 100 ta butan da aka ɗura da sanyin safiya, in zafinta ya ƙaru da digiri 25, za ta zama kimanin lita 105. In akwai fili a sama, ruwan ya hau cikinsa a zauna lafiya. In babu, ƙarfen zai tura, kuma ƙarfe yana da iyakarsa. Dalilin da ya sa a duniya duka ba a wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikin tukunya ko tanki ke nan. Mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a inuwa cikin Afrilu da Mayu, mun fi kowa buƙatar wannan fili.

Masu ƙera manyan tankunan ajiya, irin waɗanda muke hange a cibiyoyin ɗura gaz, ba su bar wannan magana ga tunanin ma'aikaci kawai ba. Sun sa wa tanki bawul iri-iri, kuma uku daga ciki ya kamata kowa ya sani. Na farko bawul ɗin cikawa. Aikinsa irin na bawul ɗin tayar keke ne: abu ya shiga, amma ba ya komowa, domin da an cire tiyo sai ya rufe kansa. Na biyu ɗan ƙarami ne mai siririn bututu da ya sauka cikin tanki daidai iyakar da aka yarda ruwa ya kai. Ana buɗe shi kaɗan lokacin ɗuri. Muddin tururi ne yake fita, da sauran wuri. Da ya fara fesar da farin hazo, ruwa ya kai iyaka, sai a tsaya. Na uku shi ne bawul ɗin rage matsi, wanda littattafan Faransanci suke kira supap. Murfi ne da sifirin mai ƙarfi ya danne, irin naɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin alƙalamin da ake dannawa, amma ƙatuwa. In matsin ciki ya wuce ƙarfin da aka auna wa sifirin, murfin ya ɗaga, tururi ya fita, matsi ya sauka, murfin ya koma. Duk macen da ta ga murfin tukunyar wake yana rawa a kan wuta ta riga ta san wannan aiki. A saman tanki ake sa shi, wurin tururi, don abin da zai fita ya zama tururi ba ruwa ba.

Abin da yake faruwa in an rasa fili kuma an rasa wannan bawul, ƙasar Sipaniya ta gan shi ranar 11 ga Yuli 1978. Wata motar dako ta ɗauko furofilen, ɗan'uwan gaz ɗinmu, kimanin tan 23, alhali iyakarta kimanin tan 19 ne, kuma tankin ba shi da bawul ɗin rage matsi. Ta yi tafiya cikin rana har bayan azahar. Daidai wani sansanin masu hutu a bakin teku da ake kira Los Alfaques, tankin ya fashe. Mutum fiye da 200 suka mutu, da yawansu iyalai ne da ƴaƴansu. Gyaran tan huɗu ne ya jawo wannan.

Wani zai ce wannan maganar manyan tankuna ce, me ya haɗa ta da ƴar tukunyar madafa? Abin da ya haɗa su shi ne, ba kowace tukunyar gida ce take da bawul ɗin rage matsi ba. Ƙaramar nan da ake ɗaura wa kan murhu tana da ɗan bawul mai rufe kansa in an kwance kan, da zoben roba mai hana yoyo. Babbar tana da abin murɗawa, sannan a ɗaura mata detandar, wanda yake sassauta ƙarfin gaz kafin ya bi tiyo. Waɗannan duka hanyar fita suke tsarewa. In ruwan ciki ya kumbura, filin da aka bari ne kaɗai gatanta.

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta shigo wajen uwargida tana yabon wani mai ɗura gaz a bayan shago, wanda yake juye babbar tukunya cikin ƙanana da tiyo. Ta ce da ni, «Malam, shi fa yana da tsoron Allah, in ya cika maka ko motsin ruwan ba ka ji.» Na ce, «Hajiya, wannan rashin motsin shi ne abin tsoron.» Tukunyar da aka cika daidai, in ka ɗan karkata ta za ka ji ruwa ya motsa. Mai juye a bayan shago da ido da kunne yake aiki. A cibiyar gaskiya da sikeli ake ɗuri. Nauyin tukunya ba komai a ciki yana rubuce a jikin ƙarfenta, a wuya ko a hannu. Ka haɗa shi da nauyin gaz ɗin da ka saya, ka ɗora a sikelin mai shago. In ya gaza, an rage maka, ka nemi haƙƙinka. In ya zarce, mayar da ita ya fi gaggawa. Mun iya faɗa a kan ragi, saura mu koyi faɗa a kan ƙari.

Kada kuma a ɗauka bawul laya ne. Ranar 4 ga Janairu 1966, a matatar Feyzin kusa da birnin Lyon na Faransa, ma'aikata suna tsiyaye ruwa daga ƙasan wani ƙaton tankin furofan sai bawul ɗin ya daskare da ƙanƙara, ya ƙi rufuwa. Gaz ya malala har bakin hanya, wata mota ta tayar da wuta, wutar ta bi shi ta koma gindin tankin. Bawul ɗin rage matsi ya buɗe kamar yadda aka ƙera shi ya yi. Amma ƙarfen sama, inda babu ruwan da zai sanyaya shi, ya yi ta laushi cikin wuta, bayan fiye da awa guda tankin ya tarwatse. Mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu ƴan kwana-kwana ne. Darasin da nake ba yara daga nan gajere ne: tukunyar da wuta take lasa ba abin kallo ba ce. Mun san halinmu, da an ce gobara sai unguwa ta taru, yara a gaba. A gobarar da gaz yake ciki, nisa shi ne taimako, sai kiran lamba 18.

Daga waɗannan bayanai sauran ƙa'idodin suke fitowa, kuma yaron da ya gane dalili ba ya buƙatar hadda. Tukunya a tsaye take zama, ko a gida ko a bayan kabu-kabu, domin in ta kwanta ruwa ne yake zuwa bakin bawul, kuma mun ji abin da lita ɗaya take zama. Ba a shanya ta a rana ko a matso da ita kusa da gawayi don a tatse ɗan abin da ya rage, domin matsin butan yana tashi daga kimanin bar 2 a digiri 20 zuwa kimanin bar 5 a digiri 50. Ba a barin ta cikin rufaffiyar mota. Ba a dukan bawul da dutse in ya cije, ba a cusa masa tsinke, ba a naɗe shi da leda ko robar taya in yana huci. Kan da yake yoyo canza shi ake yi, tukunyar da take yoyo kuma waje ake fitar da ita a mayar wa mai ita. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, inda ya yi kumfa nan ne, ba da ashana ba. Gaz ya fi iska nauyi, butan kusan ninki biyu, don haka ƙasa yake kwantawa, daidai inda jariri yake barci a tabarma. Warin nan ma da gangan ake zuba masa shi don hanci ya ba da labari. In an ji shi, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna komai ko a kashe, har fitilar lantarki.

Ƴan'uwana malamai, wannan darasi ba ya cin minti arba'in, kayan aikinsa kuma birike ne da sirinji da kofin ruwa. Yana shiga daidai cikin darasin sifofin abu, lissafin nauyin tukunya kuma yana shiga darasin awo. A ajina, washegarin darasin, wata yarinya ta zo da lambar da ta kwafo daga jikin tukunyar gidansu a bayan littafinta, ta ce babanta bai taɓa lura da ita ba, sun je tare sun auna. Inda makaranta take da kantin da ake dafa wa yara abinci da gaz, ya kamata darakta da kwamitin iyaye su san inda ake ɗuro shi, da inda ake ajiye shi, da shekarun tiyon.

Ku kuma iyaye, in har yaro ya isa a aike shi ɗauko tukunya, ya isa a zaunar da shi a gaya masa abin da ya ɗauko. Ku nuna masa zoben roba, ku nuna masa rubutun nauyi, ku ba shi izinin ya ƙi karɓar tukunyar da take wari ko wadda bakinta ya lotse, ko da babba ne ya miƙo masa. Yaranmu suna jin nauyin mayar wa babba magana, don haka sai mun faɗa musu da bakinmu cewa a nan ba rashin kunya ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu.