Shirun Koci Da Nawa Shirun

 Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Ni mutumin Yelwan Yauri ne, a kan yashin bakin Kwara muka koyi tamaula, kuma da na shiga kwaleji sai aka ba ni kyaftin na ƙungiyar ƙwallo. Kocinmu dattijo ne mai tsanani, Baba muke ce masa. In ka makara da minti 5 sai ka zagaya fili sau 10. Ya taɓa korar golanmu saboda an gan shi da karan sigari. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai tarbiyya tana gaba da ƙwallo.

Baba yana da mataimaki, ɗan amininsa ne, shi ya riƙe shi tun yana yaro, shi kuma ya samo masa aikin. Matar mataimakin 'yar ƙasar Ngaski ce, daga wani ƙauye kusa da Wara. Mun sha cin tuwonta duk lokacin da iyayenta suka aiko da bandar kifi.

Wata Laraba bayan isha'i Baba ya aike ni gidansu in karɓo rigunan wasa. Na iske ta zaune a zaure, ido ya kumbura, leɓe ya fashe, goyonta yana ta tsala kuka. Ta ce, "Don Allah ƙanena, ka gaya wa Baba, maganarsa kaɗai yake ji. Na gaya wa Hajiyarsa har sau biyu."

Na je na gaya masa. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Kyaftin, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Maganar cikin gida ce. Gasa saura mako biyu, kada in ji ta a bakin kowa." Na ce to. Muka je gasa muka ciwo kofi, aka yi hoto har da mataimakin yana dariya. Bayan wata uku yayanta ya zo ya tafi da ita, hannunta a karye.

Ban sake waiwayar maganar ba sai a 2018, da na ci karo da labarin Urban Meyer, kocin ƙwallon Amurka na Jami'ar Jihar Ohio, wanda ya ci kofin jami'o'in ƙasar har sau uku. Shi ma yana da mataimaki, Zach Smith, jikan maigidansa Earle Bruce. Tun 2009, suna Filorida, 'yan sanda suka kama Smith bisa zargin cin zarafin matarsa tana da ciki, aka janye maganar, Meyer kuma ya sake ɗaukarsa aiki a Ohio. A 2015 wani zargin ya taso. Sai a Yulin 2018 aka kore shi, bayan kotu ta hana shi kusantar matar. Smith dai ya musanta dukan. Meyer ya ce wa 'yan jarida bai san da zancen 2015 ba, sai ga wani ɗan jarida ya fito da saƙonnin da matar ta aika wa uwargidan Meyer. Daga baya ya amsa cewa ya sani. Ranar 22 ga Agusta jami'ar ta dakatar da shi na wasa uku. Abin mamaki, cikin dokokin da ya kafa wa 'yan wasansa har da mutunta mata.

Wallahi da na karanta sai na ga kamar Baba ake nufi. Wasu suka ce wasa uku ya yi kaɗan, ni ma haka na gani. To amma ko ba komai an zaunar da shi an tambaye shi: me ka sani, yaushe ka sani, me ka yi? Mu nan wa ya tambayi Baba?

Ban ce ya raba aure ba. Amma yana iya kiran waliyyinta, yana iya kai maganar gaban shugaban kwaleji, yana iya hana mutumin taka fili sai ya gyara, kamar yadda ya yi wa gola a kan karan sigari ɗaya. Wanda ke da ikon ɗauka da kora, in ya ji ya yi shiru, ba sulhu ya yi ba, ɓangare ya zaɓa. Ni ma da na ce to, kambun kyaftin ɗina na zaɓa.

Bara na gan ta a kasuwar Yelwa tana sayar da busasshen kifi. Bayan mun gaisa ta ce, "Kyaftin, ka kuwa gaya masa a daren nan?" Na ce na gaya masa. Ta ce, "To ai ka fita."

Ni kuwa na san ban fita ba. Allah ya yafe mana. Wassalam.