Hilwan: Tashar Da Ke Bakin Layi

Duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birnin Alƙahira ya nufi kudu, in bai sauka a hanya ba, to ƙarshen tafiyarsa Hilwan ne, wani gari da ke gabashin kogin Nilu. Abin mamaki, ko da yake sunan jirgin na ƙarƙashin ƙasa ne, a Hilwan a sarari yake tsayawa, rana na dukansa.

Dalilin haka yana cikin tarihin hanyar. Tun a ƙarni na 19 aka shimfiɗa dogo daga Alƙahira zuwa Hilwan, domin a zamanin nan garin ya yi suna saboda maɓuɓɓugan ruwansa mai farar wuta, inda masu hali ke zuwa neman lafiya. Akwai kuma wani dogon dabam da ya nufi Marj, arewa maso gabas da birnin. Da cunkoso ya ishi Alƙahira, sai gwamnatin Masar, da taimakon Faransawa, ta haƙa rami na 'yan kilomitoci a ƙarƙashin tsakiyar birni, ta haɗe hanyoyin biyu. A 1987 aka buɗe sashen farko, daga Hilwan zuwa dandalin Ramsis, watau jirgin irinsa na farko a duk nahiyar Afirka. A 1989 ya kai Marj. Yau wannan layi na ɗaya yana da tashoshi 35, tsawonsa wajen kilomita 44.

Mutumin Hilwan yana da wata riba guda: da yake daga nan jirgi ke tashi, ya fi kowa sa ran samun wurin zama. Kafin a wuce Ma'adi an cika maƙil. Mata kuwa an keɓe musu taragai nasu. Bayan tashar Sayyida Zainab sai jirgi ya nutse ƙasa. A tashar Sadat, ƙarƙashin dandalin Tahrir, mai son hayewa Giza zai sauya zuwa layi na biyu. A tashar Nasir kuma ga layi na uku, mai bi ta ƙarƙashin kogi.

Amma garin da tashar ke yi wa hidima ya sake kama. A zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir an mai da Hilwan cibiyar masana'antu, aka kafa babbar ma'aikatar narka ƙarfe wadda ta ci da dubban iyalai. A 2021 aka rufe ta. Magidancin da a da yake samun abinci a ƙofar gidansa, yanzu tilas ya neme shi a wani wuri, kuma ga da yawa daga cikinsu hanyar neman ta nan tashar ta bi.

Saboda haka da sassafe ake ganin ma'aikata da 'yan kasuwa suna tururuwa zuwa birni, ɗalibai kuma suna sauka a tashar jami'a, tashoshi biyu kafin ƙarshen layi. Ga mazaunin tsakiyar Alƙahira, Hilwan nan ce hanya ta ƙare. Ga mutanen garin kuwa, daga nan take farawa kowace safiya.