Maɗaciyar Tsofaffi da Dauriyar Kakanninmu

Mu da muka tashi a Izom, a bakin hanyar Suleja zuwa Minna, mun fara sanin maɗaciya ne ranar Babbar Sallah. Idan an farke cikin rago, mai fiɗa kan bi hanta a hankali ya cire 'yar jakar nan mai ɗaci, don kada ta fashe ta ɓata nama. A jikin ɗan Adam ma haka take, a manne a ƙarƙashin hanta.

To amma akwai mutanen da tasu take reto, kamar ƙwarya a jikin ragaya. Idan shekaru sun ja, kitsen da ke tallafe da ita ya zube, sai ta iya juyawa ta murɗe a kan jijiyar da ke kai mata jini. Da zarar murɗewar ta wuce rabin zagaye, jini ya yanke, maɗaciya ta fara ruɓewa. Wani likita mai suna Wendel ne ya fara rubuta labarin wannan ciwo a shekarar 1898, kuma har yau ba kasafai ake ganinsa ba. Ya fi kama tsofaffi mata, musamman ramammu da suka haura shekara 60. Yakan zo farat ɗaya, da murɗa mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin dama, tare da amai, sau da yawa ba zazzaɓi da farko. Maganinsa tiyata ce ta gaggawa, wato a cire maɗaciyar kafin ta fashe a ciki.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne halin kakanninmu. Sun girma a kan karin maganar nan da ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Tsohuwa za ta jiƙa kanwa ta sha, ta juya fuska bango, in an tambaye ta ta ce, "Da sauƙi, jikana." Wannan dauriya ita ta raini gidaje, amma murɗaɗɗiyar maɗaciya ba ta jiran gari ya waye.

Saboda haka nauyi yana wuyanmu, mu jikokin da aka sa a makaranta. Idan tsohuwar da ba ta saba raki ba ta dafe gefen dama tana nishi da amai, a nemi mota a nufi Babban Asibitin Suleja a daren, likita ya duba. Allah Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, amin.