Maraɗi ba ta da dutsi, amma tana da hawa

A ƙasashen Turai, idan hutun ƙarshen mako ya zo, magidanci kan ɗora tanti da igiya a mota, ya kwashi iyali su nufi duwatsu, su hau, su yi yawon ƙafa, su kwana a fili. Da yawa cikin ma'aikatan da suka yi karatu a waje sun ga wannan al'ada, kuma amsarsu ɗaya ce in an tada zancen: ina dutsi a Maraɗi? Gaskiyarsu. Mai son dutsi na sosai sai ya tafi Ayar, inda Bagzan ya zarce mita 2000, ko ya bi hanyar Damagaram, fiye da kilomita 200, inda manyan duwatsu suke zube cikin unguwar Birni.

Sai dai rashin dutsi bai zama hujjar zaman gida ba. Maraɗi tana da tudu da gulbi, kuma tsakaninsu ne tarihin garin yake kwance. Yaro na iya tashi a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya san titunan Yamai da Kano, ya san Dubai cikin salula, alhali bai taɓa taka yashin Gulbin Maraɗi ba. Kwana biyu sun isa a gyara wannan, kuma lokacin ɗari ya fi dacewa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya janye, rana ta yi sauƙi.

Tafiyar takan fara ranar Asabar bayan sallar asuba. Iyali su gangara ta yammacin gari, ta bayan tsofaffin unguwanni, su sauka fadama. A nan ƙasa ne tsohuwar Maraɗi take. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi gudun hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a wannan kwari wajejen 1819. Kurmi ne mai duhu a lokacin, wanda doki ba ya ratsawa cikin sauƙi, shi ya sa aka zaɓe shi mafaka. Yau garake ne da gonaki da itatuwan mangwaro, da ramukan masu bugun bulo.

Daga nan sai a fuskanci kudu, a bi gefen gulbi zuwa Jiratawa. Tafiyar ba ta kai kilomita 15 ba, amma yashi yana cin ƙafa, saboda haka ƙananan yara da tsofaffi gara mota ta kai su gaba. Mai tafiya zai lura da ƙananan gawo da kalgo tsaye cikin gonakin tudu. Ba dasa su aka yi ba. Sassaben zamani ne, dabarar da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da manoman jihar Maraɗi a 1983: a bar kututture ya tofo, a zaɓi reshe mai ƙarfi, a rage sauran. Daga wannan yanki dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, kuma kunya ce ɗan lakwal ya fara jin labarinta daga bakin baƙo.

Jiratawa kuwa an san ta da abu biyu: ginin tukwane da noman rani. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa mata filin ban ruwa na kimanin hekta 500, wanda ake shayarwa da rijiyoyin burtsatse. Zogalar da ake kwaɗawa a gidajen Maraɗi, da yawanta daga nan take fitowa. Yarinyar da ta tsaya ta ga yadda ake cuɗa yumɓu, a gina tulu, a gasa shi, ba za ta ƙara kallon randar gidansu da ido ɗaya ba. Ɗan ɗan kasuwa kuma zai ga inda farashi yake farawa kafin kaya su kai babbar kasuwa.

Wajen kwana yana son hankali. Tun 2019 ƴan bindiga suka addabi bakin iyaka, dubban ƴan gudun hijira suka shigo jihar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma satar mutane da shanu ta taɓa kudancin Madarunfa. Don haka ba a kwana a dokar daji, ba a kuma zarcewa kudu da dare. Abin da ya dace shi ne a sauka a garkar ɗan uwa ko aboki, dab da gari, da sanin maigari. Tabarma, bargo, gidan sauro da butar shayi sun wadatar. Idan fitilu suka mutu, yara su ga Kaza da Ƴaƴanta a sama, uba ya samu abin da biro da shago suka hana shi duk mako: zama da ƴaƴansa ba mai kiransa.

Ran Lahadi sai a ɗauki mota, a bi inda ruwa yake bi, a wuce Maraɗi zuwa Tibiri ta arewa maso yamma. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali ya rasu, Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa wannan gari. Har yau fadar Sarkin Gobir tana nan, da sarautar Inna. A ƙofar fada yaro zai fahimci dalilin da ya sa garuruwa biyu maƙwabta suke da sarakuna biyu: gudu ɗaya ne ya kawo su, gulbi ɗaya ya ɓoye su. Shi ma gulbin ya canza. Daga Najeriya yake fitowa, can kuma yake komawa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 manoman fadama suke kukan ƙarancin ruwa.

Hawan yana ƙarshe. Da la'asar a sauka daga mota a gindin tudu, a hau Maraɗi da ƙafa. Ba ya bukatar igiya, ba ya cin rabin awa. Amma a 1945, da ambaliya ta cinye tsohon gari, wannan gangaren ne mutanen Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci suka hawo da kayansu a ka, suka sake gini a sama. Yaron da ya hau shi da ƙafarsa, ya juya ya dubi kwarin, ya san inda kakanninsa suka fito. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.