Ruwa Ba Ya Sallama

Mu malaman makaranta a nan Milezi, idan aka koma karatu a watan Oktoba, da fargaba muke kiran suna. Lokacin ne kogin Shari ke cika maƙil, ramuka kuma na ɗauke da ruwan damina. Wata shekara mun kira sunan wani yaro har sau uku, shiru. Ashe ya je wanka a ramin da ake ɗibar ƙasar tubali, bai fito ba. Har yau ba mu manta da gurbinsa a benci ba.

A Faransa, dokar 2003 ta tilasta wa mai tafkin wanka a gidansa ya kewaye shi da shinge, ko ya rufe shi, ko ya sa masa ƙararrawa. Mu namu tafkin shi ne kogi, da kududdufi, da rijiya, da bahon wanki a tsakar gida. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun kawo mana shi har ƙofar ɗaki.

To, jama'a, wa zai yi mana shinge in ba mu ba? Mu rufe rijiya da murfi mai nauyi. Mu kife baho bayan wanki. Kada mu bar wa 'yar shekara bakwai renon ƙanenta a bakin kogi. Yaro mai nitsewa sau da yawa ba ya ihu, sai dai ido ya gan shi. In ya faɗa, mu miƙa masa gora ko igiya. Wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.